T-72: tankar kirki ce ko akwatin gawa?

Ɗan_Gwale:
Salam 'yan zaure. Tun da aka fara yaƙin Rasha da Yukren a 2022 nake ta ganin bidiyon tankar nan T-72, da an same ta sai ka ga kanta ya tashi sama wuta na fita ta ko'ina, mutum ukun da ke ciki kuwa sai dai Allah Ya jiƙan musulmi. A Iraƙi ma an ce haka Amurka ta yi musu a 1991. To tambayata ita ce, dama can tankar ce ba ta da kyau ko masu ita ne ba su iya ba? In kuma ba ta da kyau me ya sa ƙasashe wajen 40 suka saye ta har da mu? Ni dai a ganina akwatin gawa ce aka sa wa sarƙa, amma masana ku warware min.

Mai_Shayi_Sabongari:
Wa alaikumus salam. Arha ce kawai malam, babu wani dalili. Wanda ba shi da kuɗin ta Amurka ko ta Jamus ai dole ya sayi abin da aljihunsa zai iya.

Malamin_Tarihi:
Ɗan_Gwale ka yi tambaya mai kyau amma sai an koma baya kafin a gane. Ita T-72 ba a yi ta don ta zama wadda ta fi kowace ba, tun asali ba wannan ce niyyar ba. A shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta ƙera wata tanka a Kharkiv, garin nan da yanzu yake cikin Yukren, sunanta T-64, wani injiniya Morozov ne ya jagoranci aikin. A lokacin babu irinta a duniya, ta zo da na'urar da ke ɗura wa igwa harsashi da kanta, aka rage mutanen ciki daga 4 zuwa 3, ga sulke mai hawa-hawa ba zallar ƙarfe ba. Amma injinta ya ba su wahala sosai, ga tsada ga yawan lalacewa, kuma ba kowace masana'anta ce za ta iya yinsa da yawa ba in yaƙi ya ɓarke. Sai hukuma ta ce wa masana'antar Uralvagonzavod da ke Nizhny Tagil, can yankin duwatsun Ural, su yi T-64 ɗin amma da inji mai sauƙi. Su kuma mutanen Tagil ƙarƙashin Kartsev, daga baya Venediktov, dama suna da nasu tunanin, sai suka canza inji, suka canza ƙafafun, suka canza na'urar ɗurin harsashin, kafin a ankara wata tanka daban ce ta fito. Aka karɓe ta aikin soja a 1973. Ka ga ke nan tun ranar farko an yi ta ne don a samu da yawa, a samu da wuri, kuma yaron da aka ɗauko aikin soja na shekara biyu ya iya sarrafa ta.

Injiniya_Bichi:
Ƙari a kan bayanin Malam, injin da suka sa mata V-46 jikan injin V-2 ne wanda ke cikin T-34 ta yaƙin duniya na biyu. Silinda 12, dizal, ƙarfin doki 780 a ta farko. Tankar kuma nauyinta wajen tan 41 ne, tsayinta daga ƙasa bai wuce mita 2 da 'yan kai ba. Tankar Amurka Abrams ta 1991 ta kai wajen tan 60. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne in ka tuna gadoji da jirgin ƙasan da zai ɗauke ta.

Ɗan_Gwale:
Na gode Malam, na gode Injiniya. Amma har yanzu ba ku taɓo inda ya dame ni ba, wato tashin kan nan. Me ke jawo shi?

Injiniya_Bichi:
To ga shi. Igwarta milimita 125 ce, kuma harsashin gida biyu ne, kan daban, garin albarushin da ke tura shi daban. Na'urar ɗurin tana da wani faifai mai juyawa a kwance a ƙasan tankar, yana ɗaukar harsashi 22, kuma kwamanda da mai harbi a samansa suke zaune kai tsaye. Sauran harsasan, wajen 20, ana cusa su ne duk inda aka samu wuri a ciki, jikin bango, bayan kujera, wasu ma a cikin ramukan da aka yi a jikin tankin mai. In wani abu ya huda sulken ya shigo da wuta, yawanci waɗannan na warwatsen ne ke fara kamawa, daga nan ta gangara faifan, to in duka suka tashi lokaci ɗaya ƙarfin ba shi da hanyar fita sai sama, shi ne yake cire kan gaba ɗaya. Ita Abrams mafi yawan harsasanta a wani ɗaki suke a ƙeyar kan, da ƙofar ƙarfe tsakaninsu da mutane, rufin ɗakin kuma an yi shi ne yadda in ya kama zai ɓalle wutar ta fita waje. Wannan kam gaskiya aibi ne a T-72, ba wanda zai musa.

Hajiya_Maman_Ilham:
Inna lillahi. Wato sun san da haka suka zaunar da 'ya'yan mutane a kan albarushi? Ni wannan shi ne abin da ban gane ba, wanda ya zana ta ba shi da ɗa ne?

Malamin_Tarihi:
Hajiya lissafinsu daban ne. Su a tunaninsu in ka sa harsashi can ƙasa, ka kuma yi tankar gajera, to da wuya a same ta balle a sami wurin harsashin, domin a wancan zamanin tanka da tanka ne ke harbin juna daga nesa a fili, kuma yawancin harbi a kai da ƙirji yake sauka, can ne suka tara sulken. Yaƙin da suka shirya wa shi ne dubban tankoki su keta filayen Jamus ta Yamma cikin 'yan kwanaki, igwa da jirage da sojan ƙasa na rufa musu baya. Wannan yaƙin bai taɓa faruwa ba. Duk yaƙoƙin da ta yi wasu ne daban da wanda aka yi ta dominsa. Ban ce hujja ce ba fa, ni ma abin yana taɓa ni, amma haka suka auna.

Tsohon_Saje:
Jama'a ku bar ni in sa baki, ni na yi aiki da motoci masu sulke kafin in yi ritaya, ba a littafi na gani ba. Abu na farko da mutum zai sani, tanka ba ta yaƙi ita kaɗai, wallahi duk tankar da ka gani ita ɗaya a daji ko a cikin gari babu sojan ƙasa a gefenta to ka fara yi wa na cikinta addu'a, ko ta wace ƙasa ce. In aka rufe murfi abin da kake gani kaɗan ne, ta wasu 'yan gilasai, ga ƙarar inji ga zafi ga ƙura, mutum zai iya rarrafowa har gindinta ba ka sani ba. Na biyu kuma gyara. Mutane suna ganin tanka a fareti suna tafi, ba su san awa nawa aka kwashe ana ɗaure sarƙa ana wanke matatar iska ba. A ƙasa irin tamu mai rairayi da harmatan, in ba ka kula da matatar iska ba injin zai sha ƙura ya mutu, kuma ba maƙiyi ne ya kashe shi ba. Shi ya sa ni rage mutum zuwa 3 bai taɓa burge ni ba, domin ɗaure sarƙa da ɗora harsashi da gadin dare duk a kan mutum ukun nan yake, na huɗun nan da wasu ke cewa ba shi da amfani, ranar da sarƙa ta tsinke a laka za ka san amfaninsa.

Ɗan_Gwale:
Allah Ya ƙara lafiya Baba Saje. To Iraƙi fa? Su ai suna da sojan ƙasa, kuma a fili aka yi ba a gari ba.

Abu_Hanifa_Zariya:
Bari in amsa wannan da izinin Baba. Na farko wadda Iraƙi ke da ita T-72M ce da M1, irin wadda ake sayar wa waje, da yawa ma ƙirar Folan da Cekoslobakiya ne, ba ta kai wadda sojan Sobiyet ke riƙe da ita a lokacin ba wato T-72B ta 1985. Harsashin da aka ba su tsohon yayi ne, ba ya huda gaban Abrams. Na biyu kafin a fara yaƙin ƙasa an shafe sama da sati biyar tun 17 ga Janairu ana yi musu ruwan bama-bamai ta sama, an yanke musu hanya an yanke sadarwa. Na uku wanda ya fi duka, Amurkawa suna da na'urar da ke ganin zafin jiki da na inji cikin duhu da hayaƙi da guguwa, su kuwa 'yan Iraƙi fitilar infrared suke kunnawa wadda ba ta kai nisa ba. A karon da ake kira 73 Easting ranar 26 ga Fabrairu 1991 cikin guguwar rairayi aka yi, rundunar Tawakalna ta Iraƙi ba su ma ga masu harbinsu ba sai da wuta ta fara ci. Yaƙin ƙasan gaba ɗaya awa 100 ne. Ko da ka musanya musu tankokin ban ce sakamakon zai juye ba.

Mai_Shayi_Sabongari:
Kullum haka ake cewa, wai ta waje ce ba ta gida ba. To yanzu a Yukren ai ta gidan ce Rasha ta shigo da ita, T-72B3 da suka yi wa kwaskwarima, kuma kan yana tashi dai. Sai kuma a ce me?

Abu_Hanifa_Zariya:
Ban ce ta gidan ba ta da wannan aibin ba, Injiniya ya riga ya yi bayani, faifan nan yana nan har a T-90 domin ita ma T-72 ce aka inganta aka canza wa suna a 1992. Abin da nake cewa shi ne kar a ɗauki 1991 kaɗai a yanke hukunci. Ita wannan tankar dai a hannun 'yan Iraƙin ta yi shekaru tana fafatawa da Iran daga 1980 zuwa 1988, gaban Chieftain ta Ingila da M60 ta Amurka, kuma ba ta ji kunya ba. Sannan wani abu da mutane ba su sani ba, a 1991 ɗin sojan Kuwait da ke ɓangaren Amurka suna da M-84, wadda T-72 ce ƙirar Yugoslabiya.

Bakatsine_77:
Ni abin da na ji shi ne wai na'urar ɗurin tana cinye hannun mai harbi, gaskiya ne?

Injiniya_Bichi:
Labari ne da ya yaɗu tun zamanin yaƙin cacar baka. Akwai kariya tsakanin mutum da gindin igwar, sai wanda ya cire ta ko ya miƙa hannu inda bai kamata ba. In aibi na gaske kake nema ga shi, ribas. Gaba tana yin kilomita 60 a awa kan titi, amma baya kilomita 4 kacal, tafiyar ƙafa. Ka leƙo ka yi harbi kana so ka koma maɓoya, ko dai ka ja da baya a hankali ana kallonka, ko ka juya ka ba maƙiyi ƙeya inda sulken ya fi rauni. Leopard 2 ta Jamus tana yin wajen 30 da baya. Kuma saboda kan gajere ne bakin igwar ba ya sunkuyawa sosai, don haka laɓewa bayan tudu a yi harbi yana mata wuya. Duk wannan daga tunanin nan ne na cewa ita gaba kawai za ta yi.

Ɗan_Fort_Lamy:
Gaisuwa daga Njamena. Ina karanta ku tun ɗazu, maganar Baba Saje ta tuna min tarihinmu. Mu nan Chadi ba T-72 muka fi sani ba, yayarta muka sani T-55. A ranar 2 ga Janairu 1987 a Fada sojojin Chadi ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous da motocin Toyota a-kori-kura, an ɗora musu makamin harbin tanka MILAN da Faransa ta bayar, suka tarwatsa tankokin Libiya da dama cikin yini ɗaya, a watan Maris kuma suka karɓe Wadi Dum. Suna shigowa ne a guje ta gefe biyu, kafin kan tanka ya juyo sun wuce. Bayan wannan kowa ya ce ai zamanin tanka ya ƙare a sahara. Amma kuma a Fabrairu 2008 da 'yan tawaye suka shigo Njamena da ɗaruruwan irin waɗannan motocin, ina cikin garin, muna kwance a ƙasan ɗaki da yara muna jin ƙasa na girgiza, T-55 ɗin nan tsofaffi da jirage masu saukar ungulu su suka tare hanyar fadar Idriss Déby, motocin suka kasa wucewa. Makami ɗaya, ƙasa ɗaya, a Fada ya zama gawayi a Njamena ya riƙe gwamnati. Mutanen gari kuwa mun sha wuya, dubbai suka tsallaka gada zuwa Kusuri ta Kamaru.

Hajiya_Maman_Ilham:
Allah Ya kiyaye gaba ɗan'uwa. Kullum talaka ne a tsakiya.

Tsohon_Saje:
Amin Hajiya. Ɗan Fort Lamy ka faɗi gaskiya. Kuma irin wannan ne ya sami Rasha a Grozny daren sabuwar shekara, 31 ga Disamba 1994, suka jera tankoki T-72 da T-80 suka shiga tsakiyar gari da yara sababbin ɗauka, babu isasshen sojan ƙasa, su kuma 'yan Checheniya da yawansu sun yi aikin sojan Sobiyet sun san inda za su buga, suna harbo roka daga saman bene da ƙarƙashin gini inda bakin igwa ba ya kaiwa, su kashe ta gaba su kashe ta baya sauran su maƙale a tsakiya. Birged ta 131 kusan ƙarewa ta yi a wajen tashar jirgin ƙasa. Wannan laifin kwamanda ne kafin ya zama laifin ƙarfe.

Bakatsine_77:
Waɗannan akwatunan da ake jerawa a jikinta kamar bulo fa, na mene ne? Na ɗauka kayan aiki ake sawa.

Injiniya_Bichi:
A'a abin fashewa ne a ciki, an matse shi tsakanin faranta biyu na ƙarfe. In roka ta bugi akwatin sai ya fashe waje, farantin ya karya ƙarfin wutar rokar kafin ta kai ainihin sulken. Na farko sunansa Kontakt-1, daga baya aka yi Kontakt-5 mai nauyi wanda har harsashin igwa yake rage wa ƙarfi. Sai dai kowane akwati sau ɗaya yake aiki, kuma sojan ƙasan da ke kusa yana iya jin rauni. A Grozny ɗin da Baba ya ambata wasu tankokin da akwatunan suka shiga babu komai a ciki.

Yerwa_Boy:
Ku dawo gida mana, kuna ta Iraƙi da Rasha. Mu a Maiduguri mun ga zuwan T-72 da idonmu farkon 2015 a kan manyan tireloli, kuma wallahi ranar mutane har kabbara suke yi a bakin titi, domin lokacin Bama da Gwoza da Baga duk suna hannun yaran nan 'yan Boko Haram, garin ya cika da 'yan gudun hijira, ana kwana ba a san ko za a wayi gari ba. Aka ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, cikin makonnin nan aka karɓo Baga a Fabrairu, Bama a tsakiyar Maris, Gwoza ana gobe zaɓe. Ban ce tankar ce kaɗai ta yi ba, sojojin Chadi da Nijar sun buga ta ɓangarensu, akwai jirage, amma wanda ya zauna a garin nan a lokacin ba zai kira ta akwatin gawa ba. Ɗan_Gwale ka yi haƙuri, ni kalmar nan ta yi min nauyi.

Ɗan_Gwale:
Allah Ya ba ku zaman lafiya mai ɗorewa Yerwa. Amma ka tuna Metele a Nuwamba 2018? Bidiyon da ya fita bayan harin, sojojin da kansu suke nuna tankokin da suka ƙone suna kukan cewa tsofaffi ne. Su ma ai da idonsu suka gani, kuma su ne a ciki.

Yerwa_Boy:
Na tuna, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Wannan ma gaskiya ne.

Malamin_Tarihi:
Duka biyun gaskiya ne, kuma dalilin yana cikin yadda aka saye su. Kafin nan manyan tankokin Nijeriya su ne Vickers Mk 3 na Ingila da aka fara saya farkon shekarun 1980, da T-55. Da wuta ta yi wuta a 2014, ga Amurka ta hana a sayar mana da jiragen Cobra masu saukar ungulu, sai aka ruga gabashin Turai aka kwaso abin da ke ajiye, T-72 'yan gwanjo daga wajen Yukren da Jamhuriyar Cek, waɗanda aka ƙera tun kafin rushewar Sobiyet. Tanka mai shekara 30 in za ta yi aiki sai da kayan gyara a ajiye da makanikai da aka horar da kuma lokacin da za a janye ta daga fage a sauke inji. Sayen gaggawa ba ya zuwa da wannan. Daga baya a 2020 aka kawo VT-4 sababbi daga Chaina. Yanzu ka duba, ta Ingila, ta Sobiyet iri biyu, ta Chaina, kowace da harsashinta ko kayan gyaranta, makarantar sulke da ke Bauchi kuma dole ta koyar da duka.

Tsohon_Saje:
Malam ka taɓo inda yake min ciwo. Na ga mota mai sulke lafiyayya ta yi watanni a zaune saboda wani ɗan ƙaramin famfon mai da babu, ƙarshe aka fara ciro na wannan ana sa wa waccan, kafin shekara wadda aka fara cira ta zama ƙwarangwal. Kuma a ajiye tanka wuri ɗaya a sansani a tona mata rami ta zama kamar igwar gadi, batir ya mutu inji bai tashi ba sati da sati, ranar da aka kawo hari ba ta iya motsi, wannan ba aikin tanka ba ne. Yaran da ke ciki 'ya'yanmu ne, wasu ni na koya musu tuƙi.

Bint_Kassala:
Salam daga Sudan, mu Hausawan nan muna bin zauren ko da ba mu cika magana ba. Sojan Sudan ma suna da T-72 da suka saya daga Yukren. Da yaƙi ya tashi a Afrilu 2023 mutane sun ɗauka tunda soja ke da tankoki da jirage abin ba zai wuce kwanaki ba, sai ga 'yan RSF, dakarun da ke yaƙar sojan, da ƙananan motoci sun bazu cikin unguwannin Khartum sun shiga gidajen mutane, tanka ba ta da yadda za ta yi da wanda ke cikin ɗakin kwanan wani sai dai ta rushe gidan. Amma kuma sansanin rundunar sulke da ke Shajara a kudancin birnin an yi ta kai masa hari wata da watanni bai faɗi ba. 'Yan'uwanmu da suka gudo nan Kassala ba ruwansu da sunan tanka, abin da suke faɗa shi ne ƙararta da dare da yadda yara suka daina barci.

Abu_Hanifa_Zariya:
Allah Ya kawo muku sauƙi 'yar'uwa. Maganar Sudan ta tuna min jirgin ruwan nan MV Faina da 'yan fashin tekun Somaliya suka kama a Satumba 2008, suka buɗe suka tarar da T-72 guda 33 daga Yukren. Kenya ta ce nata ne, amma takardun jirgin suka sa aka yi ta cewa Kudancin Sudan za a kai su, lokacin ba su ma sami 'yanci ba. Sai Fabrairu 2009 aka sake shi bayan an biya fansa sama da dala miliyan 3. Habasha ma ta yi cinikin 200 da Yukren a 2011. Abin da ya faru shi ne an ƙera wajen 25,000, a Rasha da Folan da Cekoslobakiya da Yugoslabiya da Indiya, da Sobiyet ta rushe a 1991 sai ga dubbai a ajiye babu aikin yi, ƙasashen kuma suna neman kuɗi, shi ne suka malalo Afirka.

Mai_Shayi_Sabongari:
To ai maganata ce ta farko ta dawo, arha.

Injiniya_Bichi:
Arha na ciki amma ba ita kaɗai ba. Indiya ba matalauciya ba ce a harkar makami, tana ƙera tata a Avadi kusa da Chennai suna kiranta Ajeya, kuma a 2020 da suka yi tsamin dangantaka da Chaina har saman duwatsun Ladakh suka hau da ita cikin sanyin da dizal ke daskarewa. Tana da wasu abubuwa na hikima, akwai wuƙar tona ƙasa a ƙarƙashin ƙirjinta da za ta haƙa wa kanta maɓoya, akwai bututun da ake ɗaura mata ta ratsa kogi mai zurfin mita 5 ta ƙarƙashin ruwa, gungumen icen nan da kuke gani a bayanta kuma in ta kafe a laka ake ɗaure shi a sarƙa ta fitar da kanta. Makaniken babbar mota mai hankali zai iya gane injinta. Abrams injin jirgi ne a cikinta, shan manta kaɗai sai ƙasa mai ƙarfi.

Ɗan_Agadas:
Ni tambayata ta wuce T-72. Da jiragen nan marasa matuƙi ƙanana da ake ɗaura wa bam, wanda kuɗinsa bai kai na babur ba, akwai sauran amfanin tanka kuwa? Amurka ta ba Yukren Abrams guda 31, Jamus da wasu suka ba da Leopard, su ma mun ga sun ƙone.

Abu_Hanifa_Zariya:
Sun ƙone, amma ka lura da bambancin da Hajiya ta fara tambaya a kai, a yawancin bidiyon Abrams da Leopard za ka ga mutanen sun buɗe murfi sun fito da ƙafarsu. Ƙarfe ana sake ƙerawa, mutumin da aka yi shekara ana horarwa fa? A nan ne nake ganin maganar Ɗan_Gwale tana da ƙarfi. Duk tankokin nan rufinsu siriri ne domin ba a yi zaton hari daga sama haka ba, amma a T-72 abin da ya shigo ta sama kan harsashi yake faɗawa. Shi ya sa kuke ganin suna walda mata keji a kai, wasu ma rumfa guda suke yi mata ta kwano har ba ta iya juya kai. Kuma ɓangarorin biyu duk suna amfani da ita, Folan kaɗai ta ba Yukren sama da 200 a 2022.

Tsohon_Saje:
Ɗan Agadas, tun ina ƙaramin soja nake jin tanka ta mutu, an faɗa bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973, an faɗa bayan Fada. Amma ka tambayi sojan ƙasa da aka ce ya tsallaka fili ana masa ruwan harsashi, ya fi so ya tafi da ƙirjinsa ko a bayan tanka? Har yau ba a kawo abin da zai maye wannan ba. Na ji ma cewa direbobin da suka ƙware ba sa cika ta da harsashi, 22 na faifan kawai suke ɗauka su bar sauran, kuma hakan yana rage tashin wutar sosai. Injiniya ko haka ne?

Injiniya_Bichi:
Haka ne Baba, tun bayan Checheniya ake yin haka, sai dai in faɗan ya yi tsawo dole ka janye ka koma ɗauko wasu, kuma ɗura faifan da hannu yana cin lokaci. A T-90M sun ɗebe wani kaso na sauran harsasan sun mayar wani akwati a ƙeyar kan daga waje, sun kuma ƙara wa faifan kariya. Wato su ma sun san matsalar, sai dai faifan yana nan inda yake, kuma ribas ɗin ma bai canza ba.

Hajiya_Maman_Ilham:
Ni har yanzu ban gamsu ba gaskiya. Shekara 50 ana ganin abu yana cin mutane a ce ba a iya canza shi ba?

Malamin_Tarihi:
Hajiya canza shi yana nufin sabuwar tanka daga tushe, domin duk jikin an gina shi ne a kewayen faifan nan. Sun gwada da T-14 Armata da suka nuna a faretin 2015, mutanen uku suna zaune a wani ɗaki a gaba, kan babu kowa a ciki, amma har yau ba a gan ta da yawa ba, masana'antar Tagil ɗin dai T-90M take yi tana kuma gyara tsofaffin T-72 da ake jawowa daga ma'ajiya, har T-62 da T-55 an jawo.

Ɗan_Gwale:
To ni yanzu abin da ya rage min, namu na 2015 ɗin guda nawa ne har yanzu suke tashi, kuma tunda Yukren da Cek duk sun juya kayansu zuwa yaƙin Yukren ɗin, daga ina ake samo musu kayan gyara? Baba Saje ko Yerwa in akwai wanda ya ga ana amfani da su kwanan nan ya faɗa mana.